Uku Cikin Ɗari

A Ɗorayi, bayan gidan mai,
muka kama hayar ɗaki, ni da Nafi'u,
muna koya wa na'ura duban hoton ƙirji
ta gano tarin fuka tun bai cinye huhu ba.
Ƙirƙirarriyar basira, in ji 'yan rediyo.
Mu dai 'ya'ya muka ɗauke su, su biyu,
Babba da Ƙarama.

Babba ba ta wasa.
Ba ta hoto ɗari, ta cafke casa'in da bakwai.
Sai dai ci gare ta kamar gara.
In an ɗauke wuta, kuma yaushe ne ba a ɗauka,
janareta ya kwana gurnani,
jarka biyu ta dizal kafin assalatu,
ga na'urar sanyi tana yi mata fifita
kada ƙwaƙwalwarta ta tafasa.

Ƙarama casa'in da huɗu take kamawa.
Farantin sola uku a kan kwano sun ishe ta,
ta sha rana, ta yi aikinta shiru.

Nafi'u ya daki tebur. "Uku fa!
Ukun nan ba alƙaluma ba ne,
tsoho ne da za a ce masa lafiya lau,
ya koma gida ya kwana da jikoki a tabarma ɗaya."
Ban musa ba.
Haka kawuna ya tafi, da takardar lafiya a aljihu.

Ran Talata Tabawa ta yi sallama,
mai ɗinkin hula, wadda tagarta ke duban salansar injinmu.
Ba ta zo da faɗa ba, da ma ta zo da shi.
Labule ta shimfiɗa mini a kan tebur,
fari ne da ƙaramar Sallah,
yanzu ya koma gindin tukunya.
Ta ce, "Mubashshir bai runtsa ba jiya,
ƙirjinsa sai kuka yake kamar usur.
An ce mini maganin huhu kuke yi a nan."
Ta naɗe abinta, ta fita.

Ana maganin ƙaba, kai yana kumbura.

Na buɗe littafin lissafina.
Ga layin sauri, ga layin dacewa, ga na kuɗi.
Babu layin labule.
Babu layin zafin bazara da ke ƙaruwa shekara-shekara
har kwalta ta yi laushi a Kabuga,
balle na ruwan da ake kwarara wa manyan na'urori
a garuruwan da ban taɓa takawa ba.
Abin da ban rubuta ba, wani ke biyansa.

Sati shida muka yi
muna koya wa Ƙarama abu mafi wuya:
ta iya cewa "ban sani ba."
Ita ke tsaron ƙofa yanzu.
Abin da ya shige mata duhu ta ajiye gefe,
sai rana ta take, batura sun ƙoshi,
a tashi Babba tsakanin azahar da la'asar
ta duba, ta koma barci.
Nafi'u ya sayar da babur ɗinsa, muka ƙaro faranti.
Wanda hotonsa ya zo da magariba
sai ya kwana da fargaba zuwa gobe.
Wannan ma farashi ne, na rubuta shi.

Casa'in da shida muke yanzu.
Ɗaya ya rage a hannunmu, ko in ce a wuyanmu.
Nafi'u yana gaishe ni, amma a taƙaice,
ya hau a-daidaita-sahu ya tafi Kurna.

Da dare injin ya yi tsit, kaji na kwana a kansa.
Tabawa ta rataya sabon labule, shuɗi.
Ta katanga ina jin Mubashshir yana minshari,
in ce alhamdulillahi,
sannan in kasa kunne can nesa,
ko zan jiyo tarin mutum ɗayan nan
da ban san sunansa ba,
ban san unguwarsu ba.